Haƙorin da Kande Ta Ƙi Nunawa

Duk wanda ya ci kasuwar Dogarawa tsakanin samun mulkin kai da babban fari, in dai ya ratsa ta wajen masu kaba, ya san Kande mai faifai. Siririyar mace ce, baƙa, ba ta da fara'ar a zo a gani, ba ta kuma san ragi ba. In ta faɗi kuɗin faifanta, ko ka biya ko ka yi gaba. Mutane kuwa biya suke yi suna gunaguni, don faifan Kande ko ruwa ka zuba a kansa sai ka yi taku goma kafin ya fara ɗiga. Abin da baƙi ba su sani ba shi ne da hannu ɗaya ake yin wannan faifai. Hannun hagu kullum yana cikin mayafi, rani da damina, kuma a duk kasuwar babu wanda zai rantse ya taɓa ganinsa.

Tana rarrafe ta faɗa murhu a ƙauyensu, Tungar Wakili, tafiyar hantsi daga Dogarawa. Hannun ya warke, amma yatsun suka manne da juna, suka lanƙwashe cikin tafi, ya zama dunƙule wanda ba ya buɗuwa. Uwarta ba ta daɗe ba ta rasu, riƙonta ya koma wurin kakarta. Tana da shekara bakwai wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta dubi hannun, ta ce, "To, ita dai wagga Allah ya ba ta sana'a tun da wuri. In ta girma a kai ta Konni ƙohwar masallaci, ba ta rasa na hura." Matar ba da mugunta ta faɗa ba. Irin tausayin nan ne da ya fi zagi ciwo, kuma Kande na tsaye tana ji.

Kakar ta kori matar ba turmi ba sallama. Ta ɗauko tsohon mayafinta ta rufe hannun, ta ɗauko basilla ta danƙa wa yarinyar a dama. Da mutanen gida suka fara cewa ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tsohuwar ta ce ita ba jinka ta ce a ɗauka ba. Ta buɗe bakin Kande da yatsa, ta ƙwanƙwasa haƙoran, ta ce, "Ga hannuwa nan talatin Allah ya jera maki cikin baki. Wancan kau, ko da mutuwa za ki yi, kak ki miƙa ma kowa shi."

Haka ta koyi aikin. Ta matse faifan tsakanin gwiwoyi, dunƙulen ya danne daga ƙarƙashin mayafi, dama ta huda da basilla ta zura kaba, sai ta sunkuya ta cafke bakin kabar da fiƙa, ta fizga da wuya. Sauran mata da yatsa suke ja, yatsa kuwa ina zai haɗa ƙarfi da wuya? Asirin faifan Kande ke nan, babu wani laƙani. Fiƙar hagu ta sama da abokiyarta ta ƙasa su ne suka fi kama mata kaba, da su ta saba. Kafin ta yi aure kaba ta riga ta yi wa ta saman wani siririn tsagi, daidai inda take bi.

Ta auri Labo, manomi mai barkwanci, wanda yakan ce shi kaɗai ne a ƙasar Konni matarsa ke cin kaba ta bar masa tuwo. Sun yi zaman lafiya. Ta haihu biyar, huɗu suka koma, Saude kaɗai ta tsaya. Haihuwar ce ta fara kai ta rumfar Illo.

Illo maƙeri ne a gefen kasuwar Dogarawa, dattijo mai faɗin ƙirji da yawan magana. Yana ƙera hauya da lauje da gatari, amma a cikin wata jakar fata yana da ƙaramin awartaki na gado wanda ba ya shiga wuta, na cire haƙori ne kawai. Gidansu suna da doka guda: maƙeri ba ya zaɓen haƙori. An ce kakansa ya taɓa duba bakin wani ya zaɓa da kansa, ya cire, jini ya ƙi tsayawa har mutumin ya cika, daga nan zuriyar ta yi rantsuwa. Mai ciwo shi zai ɗora yatsa a kan haƙorin. Illo ya shafa masa baƙin gawayi, ya tambaya sau uku, "Shi na?" In ka amsa sau uku, sai ya kama. Yakan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da yake ya cire haƙoran rabin ƙasar, Illo ya ɗauki kansa malamin baki, kuma ba ya jira a tambaye shi. Mutum na zaune ya riƙe kunci yana hawaye, shi yana ta bayani. "Mata, haihuwa ka cin nasu, kowane goyo da haurenai. Tsohhin maza, goro da taba da ƙin asuwaki, nasu sai su yi tsawo su yi ta rawa. 'Yan bida, masu cin rani da ka dawowa daga Abijan, sun koyo shayi da sukari, nasu rami gare su baƙi ƙirin. Ma'aikatan buro na gwamnati kau alewa da burodi sun gama da su. Bahillace na daji ɗai ka ba ni haushi, sai shi tsuhwa ban ga cikin bakinai ba." Wanda ke jin ciwo ba ya musu, don haka Illo bai taɓa jin an ƙaryata shi ba.

Kande ta zauna a gabansa sau huɗu cikin shekara goma sha biyar. Matauna uku na dama suka tafi, sannan a goyon ƙarshe, shekarar da aka buɗe luzin, wato masana'antar siminti, a Malbaza, fiƙar dama ta ƙasa ta bi su. Ba ta damu sosai ba. Tana tauna da hagu, tana aiki da hagu, kowace cira kuma faifai guda take ba Illo, ya karɓa yana yaba saƙar. Abin da ba ta tsaya ta lissafa ba shi ne, yanzu duk bakinta wuri ɗaya ya rage inda fiƙa ke haɗuwa da fiƙa.

Sai ruwa ya ɗauke. Damina biyu a jere gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. Labo ya bi maza zuwa kudu neman aiki kamar yadda aka saba kowace kaka, sai dai wannan karon kaka ta zagayo babu shi babu saƙo. Saude na aure a Tajaye, garin da aka ce ya fi nasu yunwa. Gida ya rage daga Kande sai uwar Labo, Inna Balki, tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya, ba ta kuma iya zuwa ko rijiya. Abincin bakin mutum biyu ya koma kan basilla.

A shekarar kowace mace ta zama mai faifai, don kaba ce kaɗai ba ta mutu ba. Kasuwa ta cika da faifai har ana tuntuɓe da su, babu mai tayawa. Masu ɗan abin hannu, matan ma'aikatan luzin da matan jandarma, in za su saya na Kande suke nema. Wata Hadjara, matar wani jandarma, duk ranar kasuwa sai ta zo ta ɗauki ɗaya ko biyu tana aika wa danginta. Da wannan Kande ke auno ɗan hatsi ko dusa, su ga wata kasuwar.

Wata safiya ta kurɓi ruwan randa, sai ta ji kamar an soka mata basillarta daga baki har ƙwaƙwalwa. Ta dafa bango ta jira ya lafa. Ba ta buƙaci mai duba ba. Ta kai harshe kan tsagin nan, ta ji ya yi zurfin da bai taɓa yi ba. Shekara kusan arba'in kaba na bin hanya ɗaya, yau ta isa inda rai yake. Tsoron da ya kama ta a lokacin ya fi ciwon.

Ta yi duk abin da ake yi. Ta danna kanumfari, ta sa jar kanwa, ta cusa garin taba har kanta ya yi ta juyawa. Ta kuskure da ruwan bagaruwa, ta sha rubutu. Ciwon ya kwanta da hantsi ya tashi da azahar, kuma duk fizga ɗaya ta kaba sai hawaye ya zubo mata a kan faifan. Bayan wata guda ya bazu, kunci da kunne da ido duk suka ɗauka, har mutum zai iya cewa gefen ne gaba ɗaya ke ciwo bai yi ƙarya ba.

Inna Balki na kwance a tabarma tana kallonta. Ta ce, "Uwar Saude, tsutsa ta. Tsutsar haure ba ta zama wuri guda, yau tana nan gobe tana maƙwabta. In anka buɗe mata ƙohwa kusa, hita takai."

Tsohuwar hira kawai take yi, amma Kande ta riƙe maganar da hannu bibbiyu, in ji masu hannu biyu. Ranar kasuwa ta zauna gaban Illo, ta buɗe baki, ta kai yatsa. Yatsan ya taɓa fiƙar, ya zame, ya sauka kan haƙorin da ke bayanta.

Illo ya shafa gawayi. "Shi na?"

"Shi na, Baba."

Sau uku ya tambaya, sau uku ta amsa. Ya kama, ya girgiza, haƙorin ya ƙi. Sai da ya sa gwiwa a kafaɗarta, gumi ya keto masa, sannan ya fito da saiwarsa fara tas. Illo ya juya shi a tafin hannu, ya duba sama ya duba ƙasa. Abin mamaki, ranar bai yi bayani ba. Ya ba ta ruwan gishiri, ya karɓi faifansa.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi kamar ta ci. Jini ya zuba, sabon ciwo ya danne tsoho, kwana goma sha biyu Kande na aiki tana hamdala. Ta fara gaya wa kanta ashe Inna ta yi gaskiya. A rana ta goma sha uku fiƙar ta tuna mata tana nan.

Bayan wata biyu ta koma, ta nuna na bayan wanda aka cire, babban matauni wanda da shi take cin duk abin da ke da tauri. Illo ya daɗe da gawayi a yatsa bai shafa ba. Tambayar tasa ta uku a hankali ta fito, yana kallon idonta, ba bakinta ba. Ta amsa. Da ya cire ya ɗaga shi ya ce, "Kande, wanga haure bai yi ma kowa laihi ba."

Ta tofar da jini ta ce, "Kai kac ce mai ɗaki shi ya san yoyo."

"Ni nic ce," in ji Illo. Ya mayar da awartaki cikin jaka, ya ƙi karɓar faifan.

Wannan karon sauƙin kwana biyar ya yi. Ga shi kuma ta rasa abin tauna. Lokacin an fara rabon jar dawa ta taimako, mai taurin tsiya, wadda ko an dafa sai an sha fama. Kande ta koma kunu tare da surukarta. Inna Balki ta yi dariya da dasashi ta ce, "Maraba da shigowa cikinmu, ɗiyar nan. Ni shekara saba'in ta kawo ni, ke kin yi sauri." Kande ba ta yi dariya ba. Ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu.

Bayan sojoji sun karɓi mulki da 'yan makonni, ta sami wata babbar mota ta kai ta Konni ranar Laraba, da faifai shida a kai. Hanyar kasuwa ta bi da ita ta ƙofar masallaci. Layin masu bara ya ninka, makafi da guragu da mutanen daji waɗanda dabbobinsu suka ƙare, kowa ya miƙo abin da yake da shi, wani ƙwarya wani dungu. Kande ta ƙara jan mayafi, ta kau da kai, ta yi sauri kamar ana kiran sunanta a cikinsu.

Ta sayar da biyar, ta nufi gidan likita da na shidan. Majo ɗin, wato malamin asibitin da ke duba mutane, wani Bazabarme ne, Seyni, dogo mai farar riga, Hausarsa na tafiya tana ɗingishi. Shi bai tambaye ta wanne ba. Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe ya bi haƙoran yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan fiƙar, Kande ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba.

"Wannan ne," in ji shi. "Ya mutu, ruwa ya taru a gindi. Sai an cire. Su wa suka cire maki biyun nan na baya?"

"Majo, allura nika so. Wadda ka kashe ciwo ta bar haure."

"Babu irin wannan allura, Madam. In kin bar shi, fuska za ta kumbura har ido. Yana iya kashe ki."

"Ba a toshe shi? An ce Nasara na toshewa."

Ya ce mai wannan aikin yana Yamai, kuma ko shi da wuya ya ceci wannan. Yamai a wurin Kande da Makka duk tafiyar ɗaya ce. Seyni ya fara gajiya, don akwai layi a waje. Ya tambaye ta me ya sa mace mai hankali za ta ba da haƙora masu lafiya ta riƙe ruɓaɓɓe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Kande ba ta fito da hannun ba. Ta ɗauko faifan ta ajiye a gwiwa, ta zaro silin kaba daga bakin zane, ta ɗora shi cikin tsagin, ya zauna daram. Ta nuna masa kafaɗar hagu da haɓa.

Seyni ya dubi mayafin, ya dubi faifan. Mutumin kirki ne, amma abin da ke cikin kabad ɗinsa bai wuce abin da ke ciki ba. Ya ƙunsa mata ƙwayoyin asfirin a takarda. Ya ce zai sayi faifan, ya miƙo kuɗi fiye da abin da ta faɗa. Kande ta ware nata, ta tura masa sauran a kan tebur da yatsa ɗaya.

"Hwaihwai nika saidawa, Majo," in ji ta.

Ƙwayoyin suka yi mako guda. Daga nan abin da ya faɗa ya fara tabbata. Kunci ya tashi, leɓe ya yi nauyi, idon hagu ya rufe. Zazzaɓi ya riƙa kayar da ita da rana tsaka. Duk da haka takan jawo faifai ta cafki kaba, ta fizga, duniya ta yi duhu, ta jira ta dawo, ta sake hudawa. In ta bar haƙorin zai kashe ta, in ta cire shi yunwa ta kashe su su biyu, ko kuma ta kai ta inda aka yi mata alkawari tun tana shekara bakwai. Ta juya lissafin nan ta kowace fuska, ko'ina bango ne. Wani lokaci takan ji haushin kakarta, wani lokaci na Labo, amma mafi yawa haushin bakinta take ji.

Ranar da ta kasa ɗaga kai daga tabarma, Inna Balki ta rarrafo ta dafa mata goshi. Babu wasa a muryarta. Ta ce, "Uwar Saude, in kin mutu wa za shi rufe ni? Tashi ki tai wurin Illo."

Ba ranar kasuwa ba ce. Ta isa Dogarawa da azahar, tana tafiya tana hutawa. Illo na zaune shi kaɗai, wutar maƙera a mace, don babu mai sayen hauya a shekarar da babu shuka. Ya ga fuskarta ya ce, "Subhanallahi." Ta zauna, ta buɗe bakin iyakar yadda zai buɗu, ta kai yatsa can ciki, kan matauni na ƙarshe da ya rage a sama.

Illo ya ajiye gawayin a ƙasa.

"Gidanmu an hana mu zaɓe," in ji shi, "amma ba a hana mu ƙi ba. Na hidda masu gaskiya biyu, ina jin nauyinsu har yau. Ba ni hidda na ukku."

"Baba, ka taimake ni."

"Taimakon da nika iyawa guda na, kuma kin san shi. Ni ba ni nuna maki. Yatsanki na."

Ta ce, "In ya hita, da mi za ni ja kaba?"

Mutumin da ke da amsar kowane baki a ƙasar ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban sani ba, ɗiyata."

Suka zauna. Inuwar rumfar ta matsa daga ƙafarsa ta koma bayanta. Aka kira la'asar, ya je ya yi salla ya dawo ya same ta inda ya bar ta. Hawaye na fita ta idon da ke buɗe, ba ta share ba. Can ta ɗaga hannu, ta ɗora yatsa a kan fiƙar, wannan karon bai zame ba.

Ya shafa gawayi. "Shi na?"

Ta gyaɗa kai.

"Da baki za ki ce. Shi na?"

"Shi na."

"Shi na?"

"Shi na, Baba. Tun hwarko shi na."

Haƙorin bai ba da wahala ba ko kaɗan. Murɗa ɗaya ya biyo awartaki, mugunya da jini suka biyo bayansa, Kande ta ji kanta ya yi sakayau kamar an sauke mata tulu. Illo ya wanke haƙorin ya miƙa mata. Dogo ne, ja saboda goro, tsagin ya ci fiye da rabinsa, ya yi santsi sumul. Ta ƙulle shi a bakin zane.

Cikin kwana goma kumburin ya saɓe, ido ya buɗe, zazzaɓi ya tafi. Ta sami lafiya sarai, ta zauna aiki. Fiƙar ƙasa ta tashi neman abokiyarta ta sami iska. Ta gwada haƙoran gaba, suka datse kabar, ɗaya ma ya fara motsi. Ta naɗe kabar a babban yatsan ƙafa, ta tsinke. Ta naɗe a dunƙulen, tsohuwar fatar ƙuna ta tsage ta yi jini. A ƙarshe ta koma ja da yatsun dama kamar kowa, sai dai kowa na da ɗaya hannun da zai riƙe. Wata guda ta yi kafin ta gama faifai uku, kuma ita da kanta ba ta son kallonsu.

Ranar da ta kai su kasuwa, kwana biyu ke nan ita da Inna ba su sa komai a ciki ba sai ruwan dafaffen ganye. Ta zauna wurin zamanta na kullum. Wajen hantsi Hadjara ta zo da fara'arta, ta yi mata barka da samun sauƙi, ta ɗauki faifai ɗaya ta ɗaga sama. Rana ta ratso ta cikinsa ta zuba mata ɗigo-ɗigo a fuska. Ta ɗauki na biyu, haka. Ta ajiye a hankali ta ce, "Kande, yau na wani kika riƙo ma? In naki sun samu ki aje mani." Ta wuce.

Babu wanda ya sake tsayawa. Rana ta take, kasuwa ta yi ta hayaniya a kanta. Yunwa da zafi suka haɗu, ta jingina da ginshiƙin rumfa, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ba ta ji lokacin da mayafin ya zame daga kafaɗarta ba.

Ƙarar abu a cikin faifai ce ta farkar da ita. Dala ce guda, tana juyi kafin ta kwanta. Wanda ya jefa, wani mai babbar riga, har ya yi nisa, bai ko waiwayo ba. Kande ta buɗe baki za ta kira shi ya zo ya ɗauki abinsa, sai idonta ya sauka kan gwiwarta. Hannun na nan kwance a fili, dunƙulalle, fatarsa fari-fari da sabon tsagi a kai, rana na dukansa karo na farko tun tana yarinya. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta so ƙasa ta tsage.

Damarta ta kai ga bakin mayafin da sauri, ta kama. Sai ta tsaya. Dala na sayen dusa cikin tafi biyu, dusa kuwa in an dama da ruwan zafi tana tsayar da tsohuwa kwana guda. Ta ji muryar kakarta sarai, ta kuma ga Inna Balki kwance tana kallon ƙofa. Ga takun wasu mutane na matsowa ta layin masu kaba.

Ta saki mayafin.

Tamma biyu suka faɗo kusa da dalar. Kande ba ta ɗaga kai ta ga mai su ba. Ba wanda ya taɓa koya mata abin da ake cewa, amma ta tarar ta iya, maganar ta fito da iska ta cikin giɓin.

"Allah shi ba da lada."